Muryar Achola a Faifai Huɗu

Ni na harhaɗa na'urar ajiyar bidiyon nan da hannuna, don haka masu ba da labarinta a kasuwar Ugunja kamar a gabansu aka yi, su yi mini shiru. Sunana Aoko. Ina kula da kwamfutocin wani kamfanin motocin dakon kaya a Kisumu, nan Kenya, kuma ni ce ƙanwar Achola, matar Obura mai ɗaukar bidiyon jana'iza.

Daga Ugunja har Sega da wuya a sami gidan da aka yi rashi ba a ga Obura da kyamararsa ba. Shi a gaba, Achola a bayansa riƙe da makirfo a kan doguwar sanda. Obura mutum ne mai sanyin hali. In ya kafa kyamara a kan fasto, ko rumfa ce ta faɗi a bayansa ba zai waiga ba. Achola ce take gani masa. "Obura, hagu, ga uwar mamacin nan ta fito." "Kai, mutumin nan, bijimi aka kira ka ka ɗauka ko mutane?" Wani lokacin ta yi dariya ƙasa-ƙasa in wani kawu ya miƙe jawabi ya manta sunan mamacin. Duk wannan yana shiga kyamara. In sun koma shago sai Obura ya zauna ya tace, ya cire maganganunta, ya ba masu makoki nasu tsaf. Ɗanyen ɗaukar kuwa, wanda ba a taɓa ba, sai ya ajiye shi a gefe.

Achola ta kwanta ciwo bayan girbin masara, ba ta tashi ba. Ranar da muka binne ta babu kyamara ko ɗaya a gidan. Miji ba ya tsayawa aiki a makokin matarsa, sauran masu sana'ar kuma sun ji nauyin shiga gidan Obura da kayan aiki, kowa yana zaton an kira wani. Hotunanta muna da su. Amma wayarta 'yar madannai ce, ba ta taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Muryar yayata ba ta rage ko'ina a duniya ba sai a cikin ɗanyen ɗaukar jana'izar wasu mutane.

Da aka watse daga makoki na leƙa shagon Obura, na tarar da inda yake ajiye ɗanyen ɗaukar. Tsofaffin faya-fayan ajiya ne birjik a cikin kwali, a ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafarsa.

Na kira shi da sunan 'yarsu, na ce, "Baban Awiti, a nan kake zuba su? A kwalin sabulu?"

Ya ce, "Ai kwalin mai ƙwari ne."

Na jona ɗaya a kwamfuta, ya fara ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma Kisumu na nemo na'urar ajiya ta hannu, mai gurbin faifai huɗu. Awiti, 'yarsu da take aikin jinya a Nairobi, ta sa hannu muka sayi sababbin faya-fayai huɗu.

Ranar da na kawo ta da hantsi ne. Shagon Obura bango ɗaya ya raba shi da na Ogalo mai aski, shi kuwa Ogalo in ya ji motsi a maƙwabta sai ya bar kan mutum rabi ya fito. Yana jingine a ƙofa da tsinken sakace a baki lokacin da na fara yi wa Obura bayani.

Na ce, "Faya-fayan nan huɗu zan haɗa su su zama kamar rumbu ɗaya. Amma kai za ka zaɓi yadda za su tallafi juna. Akwai hanyar da kowane zai cika da kaya har baki. Wuri mai yawa ke nan, amma ɗaya ya mutu, komai ya tafi. Wannan ko ka zaɓa ba zan yi maka ba."

"To me ya sa kika faɗa?"

"Don kada Ogalo ya ji a wani wuri ya zo ya ba ka shawara."

Ogalo ya cire tsinken ya ce, "Ni da ban ce komai ba tukuna, 'yar Kisumu?"

Ban kula shi ba. Na ce, "Ta biyu, mu masu aikin muna kiranta RAID lamba biyar. Za ka sami wurin faifai uku. Wurin na huɗun yana tafiya ne a wani lissafi da na'urar take rabawa a tsakaninsu, yadda in ɗaya ya mutu sauran ukun za su iya fito da abin da ke cikinsa. Ɗaya fa na ce. In na biyu ya bi shi kafin a gyara, shi ke nan. Ta uku ita ce lamba shida. Wurin faifai biyu kawai za ka samu, amma ko biyu sun mutu kayanka suna nan. Ni shida nake so."

Obura ya ce, "To ki sa shidan mana."

"Kayanka ba za su shiga ba. Tatattun sun kusa cika faifai ɗaya. Ɗanyen ya kusa biyu. Sai an zubar da rabin ɗanyen."

Ogalo ya yi dariya ya ce, "Wannan ne abin tsayawa tunani? Ɗanye ai shara ne. Ni gashin da na aske ka taɓa ganin na ɗure shi a buhu na kai gida?"

Ya dubi Obura, ya dube ni, sai na ga abin ya faɗo masa. Ya mayar da tsinkensa baki ya ce bari ya je, ya bar mutum a kujera.

Na jawo benci na zauna kusa da Obura. Na ce masa akwai mafita mai sauƙi. Ya zauna ya saurari ɗanyen, duk inda Achola ta yi magana ya yanko. Murya ita kaɗai ba ta cin wuri, duk maganar da ta yi a shekarun nan za ta shiga ɗan filashin da ake ratayawa a makulli. In an gama sai a zubar da sauran, mu sa shida, mu kuma ba Awiti kwafi, ni ma in riƙe ɗaya.

Ya daɗe yana murza gefen tebur da yatsa. Sannan ya ce, "Makon jiya na buɗe ɗaya. Jana'izar wani malamin makaranta a Sigomere. Ana cikin waƙa sai na ji ta ce, 'Obura, rana tana dukan gilashin, matsa.' Na matsa da kujerata, Aoko. A nan cikin shago, na matsa. Na kashe. Ba zan iya ba yanzu."

"To ni zan yi."

"Za ki iya?"

Gaskiya ni ma ba zan iya ba. Wata uku ke nan da binne ta, ko zanenta na gani a igiya sai na shiga ɗaki.

Na sake gwada shi ta wata hanyar. Na ce to a rage tatattun, tunda masu su an riga an ba su nasu. Nan ya ɗago ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Abin da aka ba su ai ba ya daɗewa. Faifan ya karce, waya ta faɗa masai, yara su goge. Shekara biyar, shida, sai ki ga mutum ya dawo yana sosa ƙeya, wai ko babansa yana nan. Kullum ce masa nake yana nan. Wa kike so in duba in ce masa na fitar da babansa don in sami wuri?"

"Ba kai ne ma'ajin garin nan ba, Baban Awiti."

"To wane ne?"

Na sa lamba biyar ina tsaki. Kaya suka shiga duka, matattun Ugunja da muryar Achola, da ɗan wuri kaɗan a sama. Na ja masa kunne har sai da ya gaji da ni. Na ce wannan sanda ce ta dogarawa, ba kwafi na biyu ba ce, ya riƙe tsofaffin faya-fayan kwalin kada ya taɓa su. In ya ga jar fitila, ya kira ni a take. Ya ce in aka yi addu'ar cikar shekara, zuciya ta ɗan huce, zai zauna ya yanko muryar, mu koma shidan da nake so.

Aka yi addu'ar shekara. Na tambaye shi, ya ce sai ruwa ya ɗauke, aiki ya yi yawa. Ruwa ya ɗauke, ya ce sai bayan Kirsimeti. Mutane kuma ba su daina mutuwa don Obura yana cikin baƙin ciki ba. Na'urar ta cika, sabon aiki yana buƙatar wurin zama, sai ya riƙa zaro tsofaffin faya-fayan kwalin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa yana zuba sabo. A ganinsa ai komai yana cikin na'ura. Sai da kwalin ya ƙare na sani, na yi faɗa har muryata ta dushe, ya tsaya yana saurarena da hannu a baya kamar ɗan makaranta.

Shekara ta uku, wata safiyar Talata, ina ofis ya kira ni. Tun kafin ya yi magana na ji kukan na'urar ta cikin waya.

"Aoko, fitilar ta koma ja."

Na sa ya ɗauki hoton allon kwamfuta ya turo. Faifai ɗaya ya mutu murus, na kusa da shi kuma yana ta ƙorafin wuraren da ya kasa karantawa. Rana ɗaya aka saye su, daga kwali ɗaya suka fito, tare suka tsufa. A ƙa'ida sabon faifai ake sawa a gurbin mataccen, a bar na'urar ta sake gina shi. Amma ginin nan sai ta karanta sauran ukun tun daga farko har ƙarshe, shi kuwa marar lafiyar nan ba zai kai ba. Kashe ta ma ina tsoro, don faifan da ya gaji in ya tsaya ba lallai ya sake juyawa ba.

Na ce, "Ka saurare ni da kyau. Zan ba direban motar haya ta matatu sabon faifai da wayar jonawa, kafin azahar yana hannunka. Ka jona, ka fara kwashe ɗanyen. Na Achola. Ba duka zai shiga ba, ka kwashi abin da ya samu. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada ka takura mata. Ƙarshen wata ne, ba za su sake ni ba sai Asabar."

Ya ce to.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne bangon nan na Ogalo. Ya ji kukan na'urar, ya leƙo, ya ga jar fitila. Kafin la'asar duk wanda ya zauna a kujerarsa ya tashi da labarin cewa na'urar Obura tana shure-shure, matattun Ugunja za su sake mutuwa. Ban ce da mugunta ya yi ba. Ogalo in magana ta kwana a cikinsa kumburi yake.

Laraba na kira na ce, "Ka fara?" Ya ce ya fara, tana tafiya a hankali. Alhamis da na kira sai na ji hayaniya a bayansa, har da kukan jariri.

"Su wane ne a shagon?"

"Baƙi ne."

"Wane irin baƙi? Baban Awiti, me kake kwashewa?"

Sai ya faɗa mini. Tatattun yake kwashewa. Mutane sun cika benci har waje, wasu daga Sega, wasu daga ƙauyukan bakin kogi, kowa ya zo ya ga an fitar da nasa. Na Nairobi da Mombasa suna ta bugo waya. Ya fara da waɗanda suka zo, sannan ya bi sauran, faifan da na aiko domin Achola yana ta cika da matattun gari.

Na tashi na fita bayan ofis, wajen da ake wanke motoci, don kada abokan aiki su ji ni. Na ce masa duk abin da ya zo bakina. Ya bari na gama.

"Aoko, ke ma a nan kusa, yankin Gem, aka haife ki. A gidanku an taɓa zuba wa masu gida kafin baƙin makoki su ci?"

"Wannan ba tukunyar tuwon ugali ba ce! Faifai ne, mutuwa yake."

"Ranar da muka binne Achola, mutanen nan ne suka cika gidana. Sun kawo itace, sun kawo masara, sun kwana a waje. Ke kanki sai da aka sallami na ƙarshe kika ci abinci, ina kallonki. Yanzu sun zo ƙofata da nasu, in ce su jira in ɗebi nawa?"

"To ka saka nata ko na rana ɗaya ne. Jana'iza ɗaya. Sannan ka ci gaba da nasu."

"In na sa hannu a nawa sau ɗaya, ba zan iya cirewa ba. Na san kaina. Saura kaɗan a gama. Ki zo da wani faifan ranar Asabar, mu yi nata tare."

Haka ake yi a wajenmu, ban musa ba. Masu gida su ne na ƙarshe, in nama ya ƙare su sha romo. Na girma ina ganin haka, na yi haka a makokin uwata da na yayata. Amma ranar na tsani al'adar nan, na tsani Obura, na zauna a kan tayar mota na yi kuka.

Asabar na bi matatun farko. Na iso na tarar benci ya kusa zama wayam. Obura ya rame a 'yan kwanakin, idanunsa sun yi ja. Na'urar tana nan tana aiki, amma ina shiga na ji ƙarar faifan, irin ƙarar da ba na so. Mutum ɗaya ce ta rage, wata tsohuwa a zaune a kujerar Obura da kansa, sandarta a jingine, ƙafafunta duk jar ƙasa. A gabanta an ajiye farantin ugali da ƙananan kifi, ta ci rabi. Maman Oyoo ake ce mata. Ɗanta ɗaya tilo, Oyoo, masunci ne, ruwa ya ci shi a tafki shekarun baya. Faifan da aka ba ta ya lalace da rufin ɗakinta ya yi yoyo, ba ta da waya, sai ranar Juma'a labari ya kai mata.

Na gaishe ta, na duba allo. Na Oyoo ne kaɗai ya rage a cikin tatattun, tun safe yake tafiya ya tsaya, ya tafi ya tsaya. A daidai wurin da faifan ya lalace yake zaune. Duk tsayawar nan na'urar komawa take tana sake karanta wurin, kamar mai sosa gyambo.

Na rage murya na ce, "Baban Awiti, wannan ne zai kashe shi. A tsallake shi. Ga faifai na kawo, mu kwashi na Achola, in da sauran rai mu dawo kan wannan."

"In babu sauran rai fa?"

"To ba mu da laifi. Ka fitar da na gari duka. Ɗaya ne."

Na kai hannu kan linzamin kwamfuta. Ya riƙe mini wuyan hannu. Tun da ya auri yayata bai taɓa taɓa ni ba ko da wasa. Bai matse ba, amma bai saki ba.

Tsohuwar ba kurma ba ce. Ta ture farantin ta ce, "Ɗana, in wahala ce a bar shi. Na ga kabarinsa yau da safe, yana nan inda yake. So nake kawai in sake ganin abokansa da suka ɗauko shi, yadda suka yi masa waƙa."

Obura ya ce, "Babu wahala, Kaka. Ki ƙarasa abincinki."

Na zare hannuna na koma bakin ƙofa na tsaya. Ogalo ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma. Layin da ke kan allo ya riƙa jan ciki. Rana ta take, ta fara karkata. Can sai ya cika. Obura ya zuba mata a filashi, ya buɗe a kwamfutar ya nuna mata. Ta matso da fuskarta dab da allo, ta ga masunta sun ɗauko akwatin a kafaɗa, ta sa bakin zane ta toshe bakinta. Ta daɗe a haka. Da za ta tafi ta ƙulle filashin a gefen zane, ta sa wa Obura albarka, ta sa mini, har na'urar sai da ta dafa. Ya raka ta ya sa ta a kan babur.

Kafin ya dawo na riga na jona faifaina. Na buɗe wajen ɗanyen, sunaye suka jeru, shekara bayan shekara. Na zaɓi mafi ƙanƙanta don ya yi saurin fita, na danna. Layi ya fara motsi. Obura ya shigo ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa. Layin ya tsaya. Faifan ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, sai fitila ta biyu ta koma ja. Sunayen suka ɓace daga allo.

Obura ya ce, "Ya fita?"

Na duba abin da ya sauka. Guntu ne da ba ya buɗewa. Na ce, "Bai fita ba."

"To a sake kunnawa."

"Ɗaya na ce maka, Baban Awiti. Tun ranar farko na ce maka ɗaya."

Abin da na faɗa bayan wannan ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ya ba Ugunja yayata tana da rai, tana bin sa rana da ruwa da sandar makirfo, yanzu kuma ya sake ba su ita. Na ce ba tasa ba ce shi kaɗai, ni ma tawa ce, Awiti ma uwarta ce, wa ya tambaye mu? Ya ɗauki farantin tsohuwar ya fita da shi bayan shago, na ji yana wankewa.

Na kwashi faya-fayan na kai Nairobi wajen wani da ya fi ni sanin ceto su. Ya riƙe su wata guda, ya kira ni ya ce na biyun ya karce daga ciki, abin da ya iya tsamowa tarkace ne, babu wanda yake haɗuwa da wani. Awiti ta raka ni karɓo su. A hanya ta ce mini ba ta taɓa sauraron ko ɗaya ba, tana jira ne babanta ya shirya su saurara tare. Ta riƙe ledar a cinya har muka sauka.

A Ugunja kuwa Obura ya zama abin yabo. Har a coci fasto ya ambace shi. Babu gidan da ya rasa mamacinsa, kowa ya sami nasa. A cikin mutanen gari, wanda ya san abin da aka rasa Ogalo ne kaɗai, kuma karo na farko a rayuwarsa ya riƙe bakinsa.

Na yi wata huɗu ban taka garin ba. Daga baya Awiti ta roƙe ni, ta ce babanta ba shi da kowa da zai gyara masa na'urar, aiki yana taruwa a katin kyamara. Na je da sababbin faya-fayai, wannan karon daga shaguna daban-daban. Ban tambaye shi lambar da yake so ba, na sa shida. Yanzu wuri ya isa har da saura.

Ina cikin aiki na ga ya jibge jakar kyamara a ƙasa, daidai inda ruwa yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ban ma san na ɗaga murya ba. Na ce, "Wai kai sai yaushe za ka yi hankali? Ɗauke jakar nan daga nan kafin ruwa ya sauko."

Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya a sunkuye. Ya daɗe a haka har na zaci bayansa ne ya riƙe. Sannan ya miƙe ya zauna a benci, jakar a kan gwiwarsa.

"Aoko, zan roƙe ki wani abu, kada ki ɗauka fushi ne."

"Ina ji."

"Da na san tana cikin na'ura, ban damu da in riƙe ta a kaina ba. Yanzu kullum da safe sai in zauna in nemo yadda take kiran sunana. Da farko tana zuwa. Kwanan nan in na nema, taki ce take zuwa. Kun yi kama da yawa, ke da ita, amma ba ɗaya ba ne. Nata akwai wata 'yar dusasshiya a ƙarshen magana, ita nake nema, ta fara ɓace mini." Ya shafa jakar. "Duk sanda kika yi magana sai taki ta hau kan tata. Ɗan abin da ya rage mini ke nan."

Na buɗe baki in ba shi amsa, na rufe. Na juya na ƙarasa haɗa na'urar. Abin da ya kamata in gaya masa game da fitilun na rubuta masa a waya na tura, yana zaune a bayana ya karanta ya gyaɗa kai. Ya ɗaukar mini jakata har tashar matatu. Na shiga, na ɗaga masa hannu ta taga.

Tun daga ranar saƙo muke yi wa juna. Da Kirsimeti na je gidan, Awiti ta zo da saurayinta, an yanka kaza. Ina kicin cikin mata muna ta surutu, ina ba su labarin wani direbanmu da ya kai kaya garin da ba a aike shi ba, ana ta dariya. Sai Obura ya leƙo neman ruwan wanke hannu. Na yi shiru a tsakiyar magana, na zuba masa ruwan, na jira ya fita.